Na'a-na'a a Tsakar Gida: Ƙaramar Shuka da Bai Kamata a Raina Ba

Ya kai malamin gona, da kai manomi, idan aka zauna tsara aikin shekara a Borno, zancen gero da dawa da alkama da wake ne ke cinye zaman. Hakan daidai ne, domin su ne abincin gida. Amma a ra'ayinmu lokaci ya yi da za a ba lambun tsakar gida nasa gurbin, kuma na'a-na'a ce ta fi dacewa a fara da ita.

Tun daga 2009 rashin tsaro ya raba dubban iyalai da gonakinsu, suka dawo cikin Maiduguri da zama, ba su da fili sai ɗan tsakar gida. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ambaliya ta shafe unguwanni da kasuwanni da gonaki. Iyalin da ba su da gona ba za ka koya musu noman kadada ba, amma za ka iya koya musu shuka a tsohon bokiti ko tukunyar da ta tsage. Na'a-na'a ba ta buƙatar sayen iri, kuma a garin da ake dafa shayi safe da yamma ba a rasa mai neman ganyenta.

Za a ce mana shuka ce mai son ruwa, alhali Maiduguri ba ta samun fiye da kimanin milimita 600 na ruwan sama a shekara, daga Yuni zuwa Satumba, zafin Afrilu kuma yana wuce digiri 40. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ba mu ce a cika fili da ita ba. Tukunya ɗaya ko biyu sun isa gida. Ruwan alwala da ruwan wanke shinkafa, muddin babu sabulu ko gishiri a ciki, za su ɗauki nauyin ban-ruwanta ba tare da an ƙara wa 'yan ga-ruwa ko kwabo ba.

Ga yadda za ka yi. Samo mazubi mai faɗi da zurfin kamar santimita 30, ka huda ƙasansa don ruwa ya riƙa tsanewa. Ƙasar rairayi ba ta riƙe ruwa, saboda haka gauraya ta da takin dabbobi da ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Yanko reshe lafiyayye mai tsawon santimita 10 zuwa 15, ka cire ganyen ƙasa, ka tsoma shi a kofin ruwa. Cikin mako ɗaya ko biyu zai fid da saiwa, sai ka dasa da yamma. Farkon damina ko lokacin sanyi ya fi kyau da dashe. Ajiye tukunyar inda za ta sami ranar safe kawai, kamar gefen inuwar dogon yaro, domin ranar azahar ta bazara tana ƙona ganye. Ƙasar ta kasance da danshi kullum, amma kada ruwa ya kwanta.

Bayan kamar wata biyu za ka fara yanka. Yanka sama da gaɓa, domin daga nan sabbin rassa biyu ke fitowa, kuma yawan yanka shi ke sa ta cika. Idan ta fara fure, tsinke shi, don ƙarfinta ya koma ga ganye. Kada ka dasa ta a kwami ɗaya da alayyaho ko albasa, domin saiwarta tana yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa ta mamaye wurin. Duk shekara ka tuge ta, ka raba saiwar, ka sabunta ƙasa, ragowar kuma ka ba maƙwabta. Wadda ta yi yawa a shanya ta a inuwa, domin rana tana kore ƙamshinta.

Gargaɗi mafi muhimmanci shi ne kada a fesa mata maganin ƙwari, kada kuma a shayar da ita da ruwan kwata. Ganye ne da ake jefawa kai-tsaye cikin shayi. Idan ƙwari suka kama ta, wanke su da ruwa. Idan ganye ya yi ɗigo-ɗigo mai launin tsatsa, yanke reshen ka ƙona. Haka kuma, ko da yake ana shan ta don kumburin ciki, kada ta hana kowa zuwa asibiti.

Malamin gona, mafi yawan masu kula da irin wannan lambu mata ne a cikin gidajensu, saboda haka a sa malaman gona mata su jagoranci aikin. Ranar da za ka fita rangadi, ka riƙe rassa goma a cikin jiƙaƙƙen tsumma, ka raba wa gidaje goma, ka nuna musu dashen da hannunka. Ka koma bayan wata biyu ka duba. Gidan da ya iya rainon na'a-na'a har ta tsallake bazara, shi za ka fara kai wa irin alayyaho da tumatir a shekara mai zuwa.