RANAR DA ƊAN AMSHI YA ZAMA JAGORA

Sanin kowa ne cewa a sha'anin kiɗa da waƙa babu ranar da ta kai nauyin ranar da mawaƙi ya bar ƙungiyar da ta raine shi, ya fito da faifansa na farko ɗauke da sunansa shi kaɗai. A ranar ne jama'a kan kasa kunne su ji ko muryar da suka saba ji za ta iya tsayawa da ƙafafunta, ko kuwa da ma a kafaɗun waɗansu take tafe. Irin wannan fita ta zama ruwan dare a Gusau da sauran garuruwan Jihar Zamfara, inda matashi mai murya ba ya da burin da ya wuce ya tara kuɗin shiga situdiyo ya fitar da kundin waƙoƙinsa. Fitar ba laifi ba ce. Abin da ya kamata a tsaya a duba shi ne mutanen da ake bari a baya, da kuma makarantar da take rushewa ba tare da an ankara ba.

Wani misali daga Ingila zai haskaka wannan magana. A birnin Bamingam, garin masana'antu da maƙera, aka kafa ƙungiyar Black Sabbath a 1968, wadda ake ɗauka ita ce uwar kiɗan da Turawa ke kira metal, watau kiɗan ƙarfe. Kiɗa ne mai nauyi da ƙara da tsawa, kuma yana da ɗan'uwa mai suna hardcore wanda ya fi shi sauri da zafin rai. Wanda ya ji kiɗan maza irin na Kassu Zurmi, da yadda yake tsima 'yan tauri da mafarauta, ba zai rasa fahimtar abin da samarin Turai suke nema a cikinsa ba. A 1979 ƙungiyar ta sallami mawaƙinta Ozzy Osbourne, aka ɗauka tasa ta ƙare. Sai ga shi a 1980 ya fito da faifansa na farko, Blizzard of Ozz, wanda ya samu karɓuwa ƙwarai, har sunansa ya kai inda bai kai ba a da.

To, amma fa faifan da aka kira na mutum ɗaya aikin mutane da dama ne. Randy Rhoads ne ya kaɗa jita, Lee Kerslake ya buga ganguna, shi kuwa Bob Daisley, ban da kiɗan da ya yi, shi ya rubuta mafi yawan kalmomin waƙoƙin. Daga baya Daisley da Kerslake suka kai ƙara kotu a kan haƙƙinsu. Da aka sake buga faifan a 2002 sai aka cire kiɗansu aka sa na waɗansu a madadinsa, masu saurare suka yi tir da haka, kuma a bugun 2011 aka mayar da kiɗan asali. Shi kansa Osbourne, wasansa na ƙarshe a watan Yuli na 2025 tare da abokansa uku na farko ya yi shi a Bamingam, ya kuwa rasu a cikin wannan wata. Darasin da ke nan a fili yake, watau hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da sunan mutum ɗaya aka rubuta a ƙofar ɗakin.

Ƙasar Zamfara ta riga Turawa sanin wannan darasi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, bai wayi gari ya zama jagora ba. Ya fara ne a bayan mahaifinsa Usman Ɗankwanda, sa'an nan ya yi shekaru masu yawa a ƙungiyar wansa Kurna, yana daudun kiɗi, watau na biyun shugaba. Sai da ya ƙoshi da sanin kotso da sanin mutane kafin ya ja tasa ƙungiya, sunansa ya cika Arewa a zamanin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello. Duk wanda ya saurari waƙar da ya yi wa 'Yandoton Tsafe Alhaji Aliyu zai ji yadda aikin yake. Jagora ya ɗauko ɗan waƙa, kafin ya dire 'yan amshi sun cafe sun ƙarasa, su yi ƙari, su koma gindin waƙa baki ɗaya kamar mutum guda. Idan aka zare waɗannan muryoyi, abin da zai rage bai kai rabin waƙar ba.

Haka abin yake ga Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, ya kuma rasu a 1973. Haka yake ga Sa'idu Faru, wanda ake yi wa laƙabi da Malamin Waƙa. Kowannensu ya tashi ne a cikin ƙungiya, kuma ƙungiyar makaranta ce mai aji-aji. Yaro kan fara da ɗaukar kaya da gyaran fata da tsarkiya, sa'an nan a ba shi kiɗa, sa'an nan ya shiga amshi. A nan yake koyon asalin sarauta da jerin kakanni, da bambancin yabo da zuga, da inda habaici ya tsaya zambo ya soma, da irin kalmar da ba a faɗa a gaban sarki. A nan kuma yake samun masu gyara masa, domin ɗan waƙar da bai zauna ba tun a gida ake watsar da shi kafin a kai shi fada. Ranar da irin wannan yaro ya zama jagora, ya riga ya ci jarrabawar shekaru.

Duk da haka, akwai abin kunya a wannan tarihi da bai kamata a ɓoye ba. Makaɗan Osbourne ko ba komai an san sunayensu, har sun iya zuwa gaban alƙali. Mutanen da suka tsaya bayan manyan makaɗan Zamfara kuwa, ɗalibai nawa ne a yau za su iya kawo sunan ko da mutum biyu daga cikinsu? Gidajen rediyo sun ɗauki waƙoƙin, masu kaset sun kwafa sun sayar a kasuwa, yanzu kuma an ɗora su a YouTube, amma a kowane mataki sunan jagora kaɗai ake ambata. In ban da ƙoƙarin masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya bi makaɗa ya rubuta tarihinsu a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa, da abin da ya salwanta ya fi haka yawa.

Zamani ya zo ya ƙara tsananta lamarin. Tun da waƙoƙin fina-finan Hausa suka bunƙasa a Kano daga shekarun 1990, fiyano da kwamfuta suka maye gurbin kotso da taushi da kalangu a wurin matasa. Mawaƙi kan shiga situdiyo shi kaɗai, mai haɗa kiɗa ya danna masa na'ura, a gyara masa murya inda ta kauce, ya yi wa kansa amshi ko a ɗauko mai amshi a biya ta ladan yini ta kama gabanta. A da faifan farko shaida ce ta kammala koyo. A yau sau da yawa shi ne ranar farko ta shiga aji, kuma a gaban duniya ake yin kuskuren da a da ake yi a zaure. Shi ya sa kundi kan fito ya yi tashe na 'yan watanni ya ɓace, alhali waƙar 'Yandoton Tsafe tana nan ana saurarenta shekaru fiye da 30 bayan rasuwar mai ita.

Masu ganin ba haka ba suna da hujjojinsu, kuma ya kamata a saurare su. Za su ce ai Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa kaɗai ya zagaya duniya ba tare da ɗan amshi ko ɗaya ba. Gaskiya ne, sai dai irinsa kaɗan ne, kuma shi ma ya daɗe yana gwada waƙarsa a gaban 'yan kasuwa da direbobi kafin ta kai ga faifai. Za su kuma ce tsohon tsarin yana da zalunci, domin akwai iyayen gida da suka danne yaransu har tsufa, suka riƙe kaso mafi tsoka na kyautar da aka samu, kuma wanda bai gaji kiɗa ba da wuya a buɗe masa ƙofa. Wannan ma gaskiya ne, situdiyo kuwa ta 'yantar da mutane da yawa, har da mata. Amma idan ɗaki yana yoyo jinkar ake gyarawa, ba a rushe ginin.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne halin da karkara take ciki. Ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da Maradun da Zurmi, waɗanda su ne rumbun da makaɗa suke fitowa, sun yi shekaru fiye da 10 suna fama da 'yan bindiga. Inda mutane suka watse babu kalankuwa, babu dambe, babu gayya, kuma inda babu waɗannan babu fagen da yaro zai koyi amshi. Dattawan da suka tsaya bayan manyan makaɗa suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana tafiya da abin da ke cikin kansa.

Saboda haka akwai aiki a kan ɓangarori uku. Na farko, ma'aikatar da ke kula da al'adu a Jihar Zamfara, tare da masarautun Gusau da Tsafe da Bunguɗu, ya kamata su nemo 'yan amshi da makaɗan da suka rage, a ɗauki muryoyinsu, a rubuta sunayensu da na waɗanda suka yi aiki tare da su. Wannan aiki bai fi ƙarfin ƙaramin kasafi ba. Na biyu, ɗaliban Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da na kwalejojin ilimi na Gusau da Maru, maimakon kowa ya sake rubuta tarihin jagoran da aka riga aka rubuta, su juya su nemi na bayansa. Na uku, matasan mawaƙa da masu situdiyo su mayar da shi ƙa'ida cewa kowane kundi ya fito da sunan wanda ya rubuta, da wanda ya haɗa kiɗa, da wadda ta yi amshi, tare da rubutacciyar yarjejeniya a kan rabon kowa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta san da haƙƙin wanda ya rera ko ya kaɗa, amma doka ba ta iya kare wanda ba a rubuta sunansa ba.

Shi kuwa matashin da yake shirin fitar da faifansa na farko, babu mai cewa ya jira har furfura ta fito masa. Abin da ake nema a gare shi ya samu wanda ya girme shi a sana'a ya zauna a gabansa, ya kuma tara abokan aiki waɗanda za su iya ce masa wannan baiti bai yi ba. Wanda bai taɓa yi wa wani amshi ba, da wuya ya san irin waƙar da jama'a za su amsa. Allah ya sa masu abin su ji, su kuma gyara tun da sauran dattawan a raye.