Idan Waya Ta Cika, Me Za A Share, Me Za A Bari?

A wannan wata filin namu zai taɓa wata matsala ce da kusan kowane mai wayar hannu ya sani, tun daga Rusairis da Damazin har zuwa Mai Wurno da ƙauyukanmu na Jazira, wato ranar da waya za ta ce maka wuri ya ƙare. Daga nan sai ta soma nauyi, hoto ya ƙi ɗaukuwa, saƙon murya ya ƙi sauka, wani lokaci ma Bankak ya ƙi buɗewa alhali kana tsaye gaban mai kanti. Da yawa daga cikinmu idan haka ta faru sai su miƙa wa wani yaro wayar su ce "share mini ita", ko kuma su kai ta kasuwa a yi mata wankin gaba ɗaya. To, a nan ne ɓarna take aukuwa.

Da farko ya kamata a san cewa wayar nan ƙaramar kwamfuta ce, kuma wuri iri biyu ne a cikinta, ko da yake mu duka zakira muke ce musu. Akwai rumbu, inda hotuna da bidiyo da manhajoji suke zaune ko da an kashe waya. Akwai kuma faifai, inda waya take ɗora abin da take aiki da shi a wannan lokaci, da an kashe ta ya koma fanko. Idan aka ce maka waya mai giga 32 da giga 2 ce, kamar yawancin ƙananan Itel da Tecno, to 32 ɗin rumbu ne, 2 ɗin faifai. Shi faifai ba ya bukatar shara, Android da kansa yake sauke abin da aka gama da shi. In ya yi nauyi, kashe waya da sake kunna ta ya wadatar. Rumbun shi ne yake cika, ga shi tun daga kamfani tsarin wayar ya riga ya cinye wani kaso mai yawa a cikinsa.

Saboda haka manhajojin nan masu hoton tsintsiya ko roka, waɗanda suke alkawarin ƙara wa waya gudu, ni dai shawarata a rabu da su. Suna rufe abin da ke kan faifai ne kawai, waya ta sake buɗe shi, baturi ya sha wahala a banza, sannan su cika maka fuska da talla su cinye ɗan intanet ɗin da ka saya. Wadda ta fi suna a cikinsu, Clean Master, kamfanin Google ya fitar da ita daga kasuwarsa tun a 2020 tare da sauran manhajojin kamfanin da ya yi ta. Wanda yake son mataimaki, akwai Files ta Google, kyauta ce, ba ta da talla, kuma tana nuna maka abu kafin ta share.

Wasu kuma sukan ce maganin abin shi ne a sayi katin zakira babba. Mutanen Rusairis sun fi kowa sanin amsar wannan. An gama madatsar ruwan garin a 1966, laka ta yi ta taruwa a bayanta kowace damina, aka ƙara mata tsawon mita 10 aka buɗe a 2013, amma kogi bai daina kawo laka ba. Haka katin zai cika muddin ba a tare inda sharar take shigowa ba. Bugu da ƙari akwai katunan jabu a kasuwa, a rubuta giga 64 a jiki alhali cikinsa bai kai haka ba, yana cika sai ya riƙa lalata abin da aka zuba masa ba tare da mai shi ya sani ba.

Ina ne mashigar sharar? A mafi yawan wayoyinmu WhatsApp ne. Zauren dangi, zauren 'yan unguwa, zauren masallaci, kowanne da bidiyonsa, wa'azi ɗaya ya shigo ta zaure huɗu, ga hotunan barka da Juma'a da barka da safiya kullum. A shiga saitin WhatsApp, wanda a wayar da ke Larabci aka rubuta i'idadat, a taɓa attakhzin wal bayanat, a kashe saukar da hoto da bidiyo kai tsaye, yadda babu abin da zai sauka sai wanda ka taɓa da hannunka. A wannan shafi kuma akwai idaratu misahatit takhzin, inda za a jera maka duk abin da ya wuce mega 5 da wanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu. Nan ne za ka sami wuri mai yawa cikin minti goma. Sai a leƙa finafinan da aka karɓa ta Xender aka gama kallo, a kuma tuna cewa a wayoyi da yawa hoton da aka share yakan zauna a kwandon shara har kwana 30 yana cin wuri, sai an zazzage kwandon.

Akwai maɓallai biyu da ke maƙwabtaka da juna a ƙarƙashin kowace manhaja, kuma a nan nake son mai karatu ya natsu. Ɗaya yana share ajiyar wucin gadi, azzakira almu'aƙƙata, wato tarkacen da Facebook ko TikTok ko Chrome suke tarawa don su yi saurin buɗewa. Wannan a share shi ba fargaba, zai sake taruwa. Ɗayan kuwa, mashul bayanat, yana mayar da manhaja kamar yau aka saka ta. In ka taɓa shi a WhatsApp hirarrakinka sun tafi sai fa in akwai ajiya, kuma ba za ka koma ciki ba sai an aiko maka da lamba ta layinka. In layin ya ɓace, ko kana inda babu shabaka, ka shiga uku. A manhajar banki ma sai ka sake shiga daga farko, wanda bai riƙe lambar asusunsa da lambar sirri a ka ba ya sha zirga-zirga.

Abin da ya sa nake jan hankali a kan wannan shi ne wayar mutumin Nil Azrak ta daina zama abin hira kawai. Waɗanda suka bar gidajensu a rikicin Rusairis na Yuli 2022, ko na Wad al-Mahi a Oktoba 2022, da waɗanda suka fito daga Wad Madani a Disamba 2023 ko Sinja a Yuni 2024, da yawansu waya ce kaɗai suka fita da ita. A cikinta ne hoton rakam waɗani yake, da takardar haihuwar yara, da shahadar makaranta, da takardar gona. A cikinta ne ish'arin Bankak yake, shaidar cewa ka biya bashi, tun da ciniki ya koma ta waya, balle bayan canjin takardun kuɗi na Disamba 2024. Akwai kuma muryar tsoho ko tsohuwa da Allah ya yi wa rasuwa a hanya. Na'ura ba ta san wannan ba. A wurinta hoton takardar gona da hoton barka da Juma'a duk fayil ne mai girma kaza, kuma yaron da ka miƙa wa wayar shi ma bai san wanne ne wanne ba.

Don haka kafin a ɗauki tsintsiya, a fara da kwashe kaya masu daraja. A buɗe jaka guda a cikin waya, a tara takardu da shaidun biya da muryoyin da ba a son rasawa, sannan a yi musu kwafi biyu: ɗaya a kati mai kyau da za a cire a adana a gida, ɗaya a tura wa ɗan'uwa amintacce da ke wani gari. Ajiyar Google ma tana da amfani, giga 15 take bayarwa kyauta, sai dai tun 2024 ajiyar WhatsApp a cikin wannan 15 ɗin ake lissafa ta, don haka a cire bidiyo daga ajiyar in ba haka ba ta cika ta tsaya. Kada kuma a dogara da ita kaɗai. A Fabrairu 2024 layukan Zain da MTN da Sudani duk sun ɗauke, wasu yankuna suka yi watanni babu shabaka, abin da ke sama ya zauna a sama. Shi kansa WhatsApp yakan rufe asusun da ya yi kwana 120 bai hau intanet ba.

Lambobin sirri kuwa a rubuta su da biro a littafi, kada a ɗauke su hoto a bar su cikin wayar da za a iya ƙwacewa ko a kai gyara. In kuma dole ta sa za a kai ta wurin mai gyara, a cire kati da layi tukuna, a tsaya a kansa, a gaya masa a fili cewa ba a yarda ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani ba sai ya tambaya.

Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.