Haƙƙin Ma'azu Ɗan Alalo da Ke Wuyanmu

Duk matafiyin da ya baro Maraɗi ya nufi Damagaram, ya ratsa Tirmini kafin ya hango duwatsun birni, to, ya taka ƙasar da rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ta kara da sojojin Faransa a watan Yuli na 1899, aka rinjaye ta, mulki ya fita daga hannun masu shi. Abin da ya biyo bayan wannan rana, na haraji da aikin tilas da ƙasƙanci, waɗanda suka yi nasara ne suka rubuta shi da alƙalaminsu, suka adana a ɗakunan ajiyarsu. Amma yadda talaka ya ɗanɗani zamanin a jikinsa, ba a daftarin kumandan za a same shi ba, sai a bakin mawaƙa, kuma a cikin mawaƙan nan ban san wanda ya fi cancantar a tsaya a saurare shi da natsuwa kamar Ma'azu Ɗan Alalo ba.

Mutumin ƙasar Katsina ne asalinsa, Allah ya ƙaddara arzikinsa a fadar Damagaram, ya yi wa sarakunanta waƙa shekaru masu yawa har ya rasu a 2002. Da yabon sarakuna kaɗai ya bari, da ma ya isa a riƙe sunansa, domin kirarin fada taska ce ta nasaba da sunayen garuruwa da yaƙe-yaƙe. Sai dai ya zarce nan, ya yi waƙar Bodo, wani jami'in mulkin mallaka wanda talakawa suka sha azabar aikin tilas a hannunsa, aikin da Faransa ba ta soke shi a ƙasashen da ta mallaka ba sai a 1946. Mai sauraron wannan waƙa da kunnen basira zai ji yadda makaɗin fada, wanda abincinsa ke hannun masu iko, ya san hanyar da zai bi ya ajiye shaidar zalunci a cikin salon da ba a iya kama shi da laifi, kuma wannan ita ce balagar da malamanmu ke yabawa in sun same ta a baitin Larabci, su kau da kai in ta zo musu da kiɗa.

Tare da haka, yaron da ya tashi yau a Tirmini ko a Zango ya fi sanin Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa, waɗanda jami'o'in Kano da Sakkwato da Zariya suka yi wa hidimar nazari, kuma sun cancanta. Iyakar da Turawa suka shata ce ta bar Ɗan Alalo a gefe, masu nazarin Hausa da yawa suna can, shi kuwa yana nan inda boko ke magana da Faransanci.

Irin wannan gafala ba a kanmu aka fara ta ba. A ƙasar Birazil, a ƙarshen shekarun 1950, aka ƙago wani salon waƙa mai suna bossa nova, wanda ake rerawa da murya ƙasa-ƙasa bisa kiɗan jita mai taushi, kuma cikin waɗanda suka fara rera shi akwai wata baƙar fata, Alaíde Costa, haifaffiyar Rio de Janeiro a 1935. Da salon ya ƙetara teku, aka yi masa babban taro a zauren Carnegie na birnin New York a 1962, ba ta cikin waɗanda aka kai. Duniya ta san sunayen wasu, ita kuwa ta ci gaba da waƙarta a inuwa, har sai da tsufa ya cim mata, matasan mawaƙa suka waiwayo, suka shirya mata sabon faifai a 2022 tana da shekara 86. Abin lura shi ne, an iya yi mata adalci a ƙarshe ne saboda faya-fayanta na farko suna nan, duk mai shakka yana iya sa kunne ya yi hukunci da kansa. Mawaƙin da aka manta alhali muryarsa tana ajiye, jinkiri kawai ya same shi. Wanda kasetinsa ya lalace kuwa, ba sauran mai iya rama masa.

Mu ma mun ga misali a gida. Kasetin da makaɗi Mamman Sani ya ɗauka a Yamai a 1978 ya daɗe ba mai tuna shi, sai da wani Ba'amurke ya ci karo da shi, kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013, sannan muka shiga alfahari da abin da yake namu tun fil azal. Ina ganin abin kunya ne al'umma ta zauna jiran baƙo ya zo ya nuna mata darajar gadonta.

Gidan rediyon Nijar ya fara aiki tun 1958, ya ɗauki muryoyin makaɗa da zabiyoyi masu yawa, kuma zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura irin namu. Dattawan da suka san wane ne ake nufi da kowane zambo da kowane kirari a waƙoƙin Ɗan Alalo suna ta raguwa, alhali ruwaya in ta rasa masu isnadinta, lafazi ne ke saura, ma'ana ta tafi. Aikin adana waɗannan waƙoƙi, a ganina, farilla ce ta kifaya a kan mutanen Damagaram: in wasu suka tsaya da shi sun ɗauke wa saura, in kowa ya yi sakaci laifin ya hau kan kowa.

Saboda haka nake roƙon gidan rediyon Muryar Sahel, da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram, da malaman Jami'ar André Salifou, su haɗa hannu a tattara abin da ya rage na muryar Ɗan Alalo, har da kasetocin da ke cikin akwatunan jama'a, a mayar da su cikin kwamfuta, a rubuta baitocin da Hausa tare da sharhin dattawa tun suna raye. Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan kaset a gidanku, kada ka bari ya lalace. Ka nemi wanda zai kwafe maka shi, ka kunna wa 'ya'yanka su ji.