ƘURI'ARKU ITA CE TUBALIN MAKARANTA

Jama'a, manoma da makiyaya, iyaye maza da iyaye mata. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa wanda bai iya ba, don maganar nan ta kowa ce.

Kowa ya san halin da makarantun furamare ke ciki a ƙauyukanmu. Aji ɗaya ya cika ya batse, yara na zaune a ƙasa babu benci. Wani ajin iska ta yaye kwanonsa tun bara, har yau ba a mayar ba. Wasu yaran kuma a gindin bishiya suke karatu, da hadari ya haɗo sai malam ya ce a tashi. Mu da muka riƙe alli mun san yaron da ya yi damina uku a haka da wuya ya iya rubuta sunansa. Uba kuwa in ya ga babu abin da ake koyo sai ya janye ɗansa zuwa gona, 'yarsa kuma a ɗora mata talla.

To, ina kuɗin gini? Kuɗi akwai su, jama'a. A shekarar 2004 aka yi dokar ilimin bai-ɗaya, wadda ake kira UBE. Dokar ta ce karatun shekara 9, wato shida na furamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Ta kuma ce Gwamnatin Tarayya ta riƙa ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ke shiga babban asusunta domin wannan aiki. Hukumar UBEC da ke Abuja ita ke riƙe da kuɗin.

Amma fa akwai sharaɗi. Kuɗin gina azuzuwa ba ya fitowa sai jiha ta ajiye nata rabin. In jiha ta kawo naira ɗaya, Abuja ta ɗora naira ɗaya. In jiha ba ta kawo komai ba, kuɗin ya yi ta kwanciya a can. Hukumar da kanta ta sha fitowa tana kuka cewa biliyoyin naira na jibge, jihohi da dama ba su zo sun ɗauka ba. Ke nan ana ba mu rabin kuɗin aji kyauta, muna ƙin miƙa hannu!

Wa ke ajiye rabin jiha? Gwamna ne ke sa shi cikin kasafin kuɗi, 'yan Majalisar Dokoki ta Jiha su amince. Su kuwa ku ne kuke zaɓensu. Saboda haka ranar zaɓe ita ce ranar da ake yanke shawarar ko za a gina aji a garinku ko ba za a gina ba, har shekara huɗu.

Wasu za su ce an sha yi mana alkawari. Gaskiya ne. A 1976 aka fara shirin UPE, yara suka yi ta tururuwa, amma azuzuwa da malamai suka kasa. Sai dai ku tuna Jihar Yamma ta fara furamare kyauta tun 1955, kuma kowa ya ga inda 'ya'yansu suka kai. Mu ma nan Arewa, Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano duk malaman makaranta ne kafin su shiga siyasa. Aji ne ya fitar da su.

Ga abin da 'yan takararmu suka ɗauka a wuyansu. Za su sa rabin jiha cikin kasafin shekarar farko, cif-cif. Za a fara da garuruwan da yara ke karatu a waje. Kowane gini zai zo da benci da rijiya da makewayi, na mata daban na maza daban, don 'ya'ya mata su samu zama. Kuma za a manna sunan makaranta da kuɗin da aka ware mata a ƙofar mai gari, kowa ya gani, don kada ɗan kwangila ya yi rabi ya gudu.

Duk ɗan takarar da ya zo garinku, ko namu ne, ku tsayar da shi ku tambaye shi: za ka sa rabin jiha ko ba za ka sa ba? Kada ku yarda a sayi ƙuri'arku da sabulu da atamfa. Sabulu kwana nawa zai yi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya wuce shekarun karatu ba ya dawowa baya.

Ku adana katin zaɓenku. Maigida ya bar uwargida da amarya su fita su jefa tasu. Ku yi sammako zuwa rumfar zaɓe, ku dangwala wa jam'iyyarmu, ku tsaya har a ƙirga a gabanku.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu sa'a. Amin.