Zamfara: Ina iyaka tsakanin mai ajiye bindiga da dillalin makamai?

A ranar 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kutsa makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara, suka kwashe ɗalibai 279. A watan Agustan shekarar suka afka wa Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura, sannan a farkon Satumba suka sace ɗalibai sama da 70 a makarantar Kaya da ke Maradun.

Duk wanda ya rayu a wannan yanki cikin waɗancan watanni ba ya bukatar a yi masa bayanin dalilin da zai sa magidanci ya so ajiye bindiga a ɗaki. Abin da ba a cika tsayawa a tantance ba shi ne: a ina ajiya ta ƙare, a ina kuma fatauci ya fara?

A ɗauki misalin ɗan maharbi da ya gaji bindigogin toka uku daga mahaifinsa. Maƙwabci ya roƙe shi ya sayar masa da ɗaya don gadin gona, ya sayar. Labari ya kai ƙauyen gaba, wani ya zo. Da na gadon suka ƙare, sai ya riƙa zuwa wajen maƙeri yana sarowa, yana ɗora ribarsa. Daga baya wani ya tambaye shi ko zai iya samo harsashin AK-47. A idonsa har yanzu taimakon 'yan uwa yake yi. A idon doka kuwa ya daɗe da zama dillali.

Abin da doka ta tanada

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin su bindigogin soja, masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu. Shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, kuma wanda aka kama da su ba izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Kashi na biyu su ne irin bindigogin farauta na zamani, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku su ne na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, wato su harba-ka-ruga, waɗanda lamarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Dokar ba ta ɗauki lasisi a matsayin haƙƙin kowa ba. Ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko wanda kotu ta samu da laifin tayar da hankali cikin shekara biyar da suka wuce.

Game da ciniki, ta ce babu mai saye da sayar da bindiga a matsayin sana'a sai dillalin da ya yi rajista, kuma wajibi ne ya riƙe littafin da ke nuna abin da ya shigo da abin da ya fita. Ko wanda ba dillali ba, bai halatta ya miƙa bindiga ko harsashi ga wanda bai nuna lasisi ba. Ƙera bindiga ko gyara ta ma sai da izini.

A Amurka an daɗe ana jayayya a kan wannan iyaka, domin dokarsu ta yarda mai tara bindigogi don sha'awa ya sayar da wasu jefi-jefi ba tare da lasisin dillanci ba. A 2022 majalisarsu ta ƙara matse ma'anar dillali, ta mayar da hankali kan niyyar neman riba. Dokar Najeriya ba ta bar irin wannan ƙofa ba. Ba yawan bindigogi ne ma'auni ba, takarda ce: ta mai sayarwa, da ta mai saye.

Yadda hukumomi suka dagula layin

A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta umarci mutanen Zamfara su nemi bindiga don kare kai, ta kuma ce za ta raba fom 500 ga kowace daga masarautu 19 na jihar. Ba a ɗauki kwanaki ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A bisa tsarin mulki yana da gaskiya, domin batun makamai yana cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. A watan Agustan 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da lasisi.

Manomin Jangebe ya ji gwamnansa ya ce ya sayi bindiga, ya kuma ji Abuja ta ce babu lasisi. Bukata tana nan, halattacciyar hanya a rufe. Wanda ya ci ribar wannan ruɗani shi ne dillalin ɓoye, shi kuwa ba ya tambayar mai saye ko manomi ne ko ɗan daji. Harsashin da ya sayar wa ɗan sa-kai da safe, ɗan uwansa zai kai wa 'yan bindiga da dare.

Kuma manyan makamai ba daga maƙera suke fitowa ba. Wani rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya ce zuwa ƙarshen 2018, bindigogi 178,459 na rundunar 'yan sanda ba a san inda suke ba, ciki har da AK-47 guda 88,078. Binciken da ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar a 2020 kan makaman da aka ƙwace a Zamfara, Katsina da Kaduna ya gano wasu sun fito daga rumbunan gwamnatocin Libiya da Kwaddibuwa, wasu kuma daga na jami'an tsaron Najeriya.

Abin da ya dace

Masu adawa da buɗe ƙofar lasisi suna da hujja. Zamfara ta ga yadda 'yan sa-kai suka riƙa yanke hukunci da hannunsu, ramuwar gayya ta biyo baya, wutar ta ƙara ruruwa. Ba mai hankalin da zai nemi a halatta wa farar hula AK-47.

Amma rufe ido ba ya rage yawan bindigogi, lissafinsu kawai yake ɓatarwa. Abu na farko shi ne rundunar 'yan sandan jihar, tare da masarautun Talata Mafara, Bakura da Maradun, ta yi rajistar bindigogin gargajiya da ke hannun maharba da manoma, a buga wa kowace lamba, dagaci ya tsaya wa mai ita. Wanda ya gaji bindiga ya san cewa lasisi ba ya bin gado, sai ya nemi nasa.

Na biyu, a yi wa maƙeran da ke gyara ko ƙera irin waɗannan bindigogi rajista, a tilasta musu riƙe littafin masu saye. Wanda ya wuce gona da iri ya shiga ƙera na zamani, doka ta hau kansa.

Na uku, ƙarfin hukunci ya koma kan masu safara: mai sarowa, mai ɗauko harsashi cikin buhun hatsi, da jami'in da ya sayar da abin da aka ba shi amana. Dokar taƙaita ƙananan makamai da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a 2024 ta ƙarfafa cibiyar ƙasa da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaro. Ya kamata cibiyar ta fara da ƙidayar rumbunan gwamnati, har da bindigogin da ke hannun Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024.

Muddin doka ta ci gaba da yi wa tsohon maharbi da dillalin harsashi kuɗin goro, maharbin zai ɓoye tasa, ba kuma zai tona asirin dillalin ba, domin shi ma yana tsoron a kama shi. Raba su biyun shi ne matakin farko na gano wanda ke ciyar da daji da makamai.