Malam, Lasisi Yana Aljihu, Amma Yaran Zango Na Jiran Ka a Aji

Tun shekarar 2018 da hukumar kula da aikin koyarwa ta Ghana, wato NTC, ta fara jarrabawar lasisi, hirar malamai ta koma kan takarda: wa ya ci, wa ya faɗi, maki nawa ya rage kafin a sabunta. A wannan shekarar ce kuma kwalejojin horon malamai suka koma ba da digiri na shekara 4. Duk wannan ci gaba ne, babu mai musu. To amma akwai abin da jarrabawa ba ta aunawa, shi ne abin da malami ya riga ya yanke a zuciyarsa game da yaran da ke gabansa.

Sau nawa muka ji ana cewa "yaran zango ba sa son karatu"? Wallahi wani lokacin ma daga bakin namu take fitowa. Malamin da ya shiga aji da wannan magana ya gama ba da sakamako tun kafin ya ɗauki alli. Yaro ya yi shiru, sai ya ce daƙiƙi ne, ya wuce wurin masu ɗaga hannu.

Ku duba yaron nan da kyau. A Nima ko Mamobi, ko Aboabo a Kumasi, yana jin Hausa a gida, yana ciniki da Twi a kasuwa, da yamma ya je makaranta ya haddace surori ya karanta baƙaƙen Larabci. Hausa kuwa ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta amince a koyar da su a makarantu. Ke nan tun ranar farko yaron yana ɗaukar darasi da harshen da ba na gidansu ba. Shirunsa sau da yawa fassara yake yi a kansa. Wanda ya iya haddace Juz'u Amma ai ba za a ce ba shi da kai ba.

To me malami zai yi? Manhajar da aka fara aiki da ita a firamare a Satumban 2019 ta zo da zaman malamai na mako-mako, wanda ake kira PLC. A wasu makarantun ya zama sa hannu a littafi kawai, kowa ya kama gabansa. Asara ce babba. Kawo matsala guda ɗaya ta gaske: yara goma a ajina ba su iya raba lamba ba, ya kuke yi a naku? Ka roƙi abokin aikinka ya zauna a bayan aji ya kalli darasinka, ya ƙirga yara nawa ka tambaya, kuma su waye. Za ka sha mamaki. Idan ka yi tambaya, ka ɗan dakata kafin ka zaɓi mai amsa, don mai fassara a kansa ya samu ya kammala. Idan kana jin Hausa, kalma biyu ta bayani ba za ta rage maka daraja ba.

Na san albashi ba ya kai ƙarshen wata, aji ya cika maƙil, littattafai ba su isa ba. Waɗannan hakki ne, a ci gaba da neman su ta ƙungiyoyin malamai. Sai dai yaron da ke aji uku bana ba zai tsaya jiran a gyara albashi ba, baɗi yana aji huɗu, ko ya iya karatu ko bai iya ba.

Iyaye kuma, ku riƙa leƙa makarantar, ku tambayi malam ko malama yadda yaro yake. Malamin da ya san ana zuwa tambaya yakan ƙara ƙwazo. Allah Ya ba malamanmu haƙuri da ladan aikinsu.