A bar wa makaho muryar wayarsa

Duk wanda ya san harkar waya a Akra, tun daga shagunan Circle har zuwa 'yan tebur na bakin titin Nima da Mamobi, ya san wannan abin da za mu faɗa. Makaho zai kawo wayarsa a canja masa gilashi ko batir, sai yaron shago ya kunna ta ya ji tana ta surutu da Turanci, ya taɓa nan ta ƙi buɗewa sai an taɓa sau biyu. Nan take sai ya ce ai wayar ta samu matsala, ya shiga ya kashe muryar, wani ma ya wanke wayar gaba ɗaya. Bawan Allah ya biya kuɗinsa ya koma gida, ya kunna, ya ji shiru.

To jama'a, wannan murya ba lalacewa ba ce. Manhaja ce da ke karanta wa makaho abin da ke rubuce a fuskar waya. A wayoyin Android sunanta TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver, wadda aka sa tun 2009. A kwamfuta akwai NVDA, wadda wani makaho ɗan Ostareliya, Michael Curran, ya fara a 2006, kuma kyauta ake ba da ita.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin kunnawa. Mai ido yana ganin inda zai buga lambar sirri, shi kuwa makaho in muryar ba ta tashi tare da na'urar ba, an bar shi a ƙofar gida ba makulli. Shi ya sa NVDA ke da zaɓi biyu, ta fara magana bayan an shiga, ko tun a wurin da ake tambayar lambar sirrin. Mai saka manhaja da ya manta na biyun bai gama aikinsa ba.

Kada a ɗauka abin wasa ne. Tun da MTN ta kawo momo Gana a 2009, waya ta zama lalitar talakan zango. Makahon da wayarsa ta yi shiru dole ya miƙa ta ga ɗan jagora ko mai rumfar momo, ya kuma faɗi lambarsa da baki. Wane ɗan kasuwa ne a cikinmu zai yarda ya yi haka da jarinsa?

Mun san ƙorafin masu gyara, kuma akwai gaskiya a ciki. Waya ɗaya ce a gidan haya, maigida da uwargida da yara duk ita suke taɓawa, sannan in an danna *170# a tsakiyar kasuwa muryar na iya karanta lamba da ragowar kuɗi kowa na ji. Amma maganin wannan ba kashewa ba ne. A sa masa gajeriyar hanya: a Android, danne maɓallan ƙara da rage sauti tare na kamar daƙiƙa uku yana kunna muryar ko ya kashe ta, a iPhone kuma danna maɓallin gefe sau uku. Sauran kuma aikin abin sauraro na kunne ne, wanda ke rataye a rumfar kowannenmu.

Gana ta kafa dokar naƙasassu mai lamba 715 tun 2006, sai dai doka ba ta zama a kan bencin mai gyara. Don haka kiranmu ga shugabannin 'yan waya, daga Nima har Aflao da Paga, da 'yan uwanmu na Jibiya da Illela, su ja kunnen yaransu. A tambayi mai waya yadda yake so ta tashi, da murya ko ba murya, sannan a kashe ta a sake kunnawa a gabansa, ya buɗe ta da hannunsa kafin a karɓi kuɗin gyara.